Me Ake Nufi da "Tsatsar Alkama"?

Idan malaman gona suka ce tsatsar alkama, suna nufin cutar da wani naman gwari, wato fangas, ke sa wa shukar alkama. Alamarta ƙananan ƙuraje ne ja-ja ko ruwan ɗorawa da ke fesowa a kara da ganye. In ka shafa su da yatsa, wani gari mai kama da tsatsar ƙarfe zai manne maka. Garin nan shi ne irin cutar, kuma iska kan ɗauke shi ta yi ɗaruruwan kilomita da shi, har ta tsallaka teku.

Kala uku ce. Akwai ta ganye, akwai ruwan ɗorawa mai fitowa layi-layi wadda ta fi son sanyi, sai ta kara, wadda ta fi su ɓarna. Ita wannan takan fasa fatar kara ta tsotse abincin da ya kamata ya hau zangarniya, sai ƙwaya ta motse, kara ya yi laushi ya kwanta. Da zarar ta samu raɓa da dare da ɗumi da rana, gonar da ta yi kore shar tana iya zama baƙin karmami cikin 'yan makonni, bayan manomi ya gama kashe kuɗin taki da na aiki.

A 1953 da 1954 cutar ta yi wa manoman Amurka mummunar ta'adi. Masana irin su Norman Borlaug, wanda ya yi aikinsa a Meziko ya kuma samu kyautar Nobel a 1970, suka fito da irin alkama mai jure mata. Shekaru da dama aka samu sauƙi, har aka saki jiki. Sai a 1998 aka ga wani sabon nau'in tsatsar kara a Uganda, aka sa masa suna Ug99. Ya karya wata garkuwar halitta da ke cikin irin alkama da ake kira Sr31, wadda alkama mai yawan gaske a duniya ta dogara da ita. Ya bazu zuwa Kenya da Habasha, ya haye Bahar Maliya ya shiga Yemen, a 2007 kuma aka same shi a Iran.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cutar ke sauya kama. Bayan tsatsa ruwan ɗorawa ta addabi Habasha a 2010, manoma suka rungumi wani iri mai suna Digalu domin yana jure mata, yana kuma jure Ug99. A 2013 wani nau'in tsatsar kara daban ya ɓulla a yankin Bale na ƙasar, wasu gonakin Digalu kusan ba a girbi komai a cikinsu ba. Manoman nan ba su yi ganganci ba, irin da ya fi kyau a lokacin suka shuka. Amma idan yanki guda ya dogara da iri ɗaya, ranar da cutar ta iya da shi kowa zai ji a jikinsa. Turai ma ba ta tsira ba, a 2016 ta afka wa dubban kadada a tsibirin Sisili na Italiya.

Feshin maganin fangas yana aiki idan an yi shi tun ƙurajen ba su yawaita ba, sai dai ƙaramin manomi sau da yawa ba ya da kuɗinsa, ko labari ya iske shi a makare. Shi ya sa nake ganin tsarin da Habasha ta kafa ya cancanci a yi koyi da shi: jami'ai na zagaya gonaki suna duba cutar, masana na bin hasashen yanayi su gano inda iska za ta kai garin cutar, sannan a aika wa malaman gona da manoma gargaɗi ta waya tun da sauran lokacin feshi.