Takardar asibiti a hannu, tambaya a baki: CD4, bairal lod da azumi

Daga Aboabo zuwa Asawase, duk wanda ya karɓo sakamakon awonsa na HIV a Komfo Anokye ko wani asibiti, tambayoyin nan dai su yake kawowa. Ga amsoshin a rubuce, a karanta kafin a sake tambaya.

An ce ina da HIV. Kanjamau ke nan?

A'a. HIV ƙwayar cutar ce. Ana cewa kanjamau idan ta riga ta karya garkuwar jiki, cututtuka suka samu ƙofa. Mai shan magani daidai zai iya tsufa bai kai wannan mataki ba.

Mene ne CD4?

Sojojin jini. Na mai lafiya yakan kama daga 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon da ake aunawa. Ƙasa da 200 cutar ta yi nisa, shi ya sa ake haɗa maka da Septrin, maganin da ke tare wasu cututtuka, a kuma binciki tarin fuka.

To bairal lod fa?

Yawan ƙwayar cutar a mililita ɗaya ta jini. Shi ake so ya sauka, CD4 ya hau, kada a juya su. Ana aunawa wata 6 bayan fara magani, sai a wata 12, daga nan shekara-shekara. Idan ya haura 1,000, za a zaunar da kai a kan yadda kake shan maganin, a sake awo bayan wata 3, kafin a yi zancen canja shi.

Takardata ta ce TND, ba a ga ƙwayar ba. Na warke, in daina?

Kul! Na'ura ce ba ta gani ba, ƙwayar tana nan a laɓe. Ka daina, cikin 'yan makonni ta dawo, wataƙila ma ta dawo ba ta jin maganin da ka saba. Albishir ɗin da ke ciki shi ne, muddin bairal lod ɗinka na ƙasa da 200 kuma kana kan magani, ba za ka sa wa matarka ta hanyar saduwa ba.

Ina shan TLD ƙarfe takwas na safe. Yaya zan yi da azumi?

Wannan kam sai a zauna. TLD ƙwaya ɗaya ce mai magani uku a ciki, tenofovir, lamivudine da dolutegravir, sau ɗaya a rana, don haka ga mafi yawan mutane azumi ba ya hana ta. Mafi sauƙi ka mayar da ita lokacin sahur, ka matso da ita awa uku ko huɗu ke nan, babu giɓi. Matsalar sahur ita ce makara. Wanda ya san barci na sace shi, gara ya zaɓi bayan buɗa-baki, sai dai dolutegravir kan hana wasu barci, kuma ranar da za a yi sauyin a tsara ta da mai ba da magani tun cikin Sha'aban.

Amma fa ba kowa nake faɗa wa haka ba. Tenofovir ƙoda ce ke tace shi, ga ƙishirwar yini guda. Mai ciwon suga, hawan jini ko wanda awon ƙodarsa ya taɓa nuna matsala, sai likita ya duba tukuna. Mai shan maganin tarin fuka mai rifampicin, ana ƙara masa dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12. Yininmu na nan bai wuce hakan da yawa ba, sahur da magariba na iya ɗauka, amma ba kai za ka yanke ba. Wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 200, ko bai daɗe da farawa ba, ko yana fama da gudawa, ni dai ba na ba shi shawarar azumi. Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya, malamin unguwarku zai tabbatar maka.

Saura abin da ake mantawa. An sha koko da ƙosai, an bi da waake mai yaji, ƙwannafi ya taso, sai a ɗaga farin ruwan maganin gyambon ciki a kora da TLD. Sinadaran da ke cikinsa suna kama dolutegravir a hanji, su hana shi shiga jini. Sha TLD awa 2 kafin shi, ko awa 6 bayansa. Maganin ƙarin jini da na ƙashi ma haka, sai dai su ana iya haɗa su da TLD idan da abinci ne. Hajiya mai juna biyu, farar ƙasar nan da kike ci, ni ina sa ta cikin wannan jeri.

PEP da PrEP ɗaya ne?

A'a. Duka biyun maganin kariya daga HIV ne. PEP bayan haɗarin kamuwa ne, cikin awa 72, a sha kwana 28. PrEP kafin haɗari ne, ga wanda ba shi da cutar. Allura ta soke ka ranar Juma'a, kada ka jira Litinin.

Zan iya haɗa maganina da na gargajiya?

Haba ɗan'uwa. Jiƙon da babu wanda ya san abin da ke cikinsa, hanta da ƙodarka ne za su biya kuɗinsa. Addu'a kam yi da yawa. Jiƙon kuma kawo kwalbar a gani kafin ka kurɓa.

Ni HIV-2 aka rubuta mini.

Wani nau'in HIV ne, akwai ta a Afirka ta Yamma, tana tafiya a hankali. TLD na yi mata aiki, wani maganin HIV mai suna efavirenz ba ya yi. Na'urar bairal lod da aka saba da ita HIV-1, nau'in da ya fi yawa, take ƙirgawa, don haka kai CD4 ɗinka za a fi sa wa ido. Duk asibitin da ka koma, faɗi wannan tun a bakin teburin nas.