Dihaidiroksi-asiton (DHA)

Dihaidiroksi-asiton, wanda ake taƙaita sunansa da DHA, wani nau'in sukari ne mai ƙwayoyin kabon uku (C3H6O3). Shi ne sinadarin da ke yin aiki a kusan duk mayukan da fararen fata ke shafawa domin jikinsu ya yi duhu ba tare da sun kwanta a rana ba. Masana'antu suna samar da shi daga giliserin, ta hanyar barin wasu ƙwayoyin bakteriya su sarrafa shi. Ba shi da alaƙa da DHA na man kifi da ake sakawa a madarar jarirai. Haruffan ne kawai suka zo ɗaya.

Tarihi

A shekarun 1950 Eva Wittgenstein, mai bincike a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, tana ba wasu yara marasa lafiya wannan sinadari a matsayin magani. Sai ta lura duk inda ya zubo a fatarsu yakan bar tabo ruwan ƙasa bayan 'yan sa'o'i. Daga nan 'yan kasuwa suka ɗauka: man shafawa mai suna Man-Tan ya fito a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Coppertone kuma ya biyo baya da nasa mai suna QT a 1960. Mayukan farko sun yi ƙaurin suna wajen mai da mutum ruwan lemo.

Yadda yake aiki

DHA ba ya ƙara melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta na asali. Yana haɗuwa ne da furotin ɗin da ke cikin matacciyar fatar sama, sai launin ƙasa-ƙasa ya fito. Irin wannan haɗuwa ce ke sa ɓawon burodi da tsire su yi ja a wuta, kuma Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya bayyana ta a 1912. Wanda ya san lalle zai gane lamarin da sauri: launin yana zama a saman fata, yana bayyana cikin sa'o'i kaɗan, sannan ya dusashe a kusan mako guda yayin da fatar ke saɓa.

Batun lafiya

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DHA a shekarun 1970, amma don shafawa a waje kawai. Amincewar ba ta haɗa da leɓe, kewayen ido, cikin hanci ko shaƙa ba. Nan ne gizo ke saƙar. A shagunan kwalliya na Amurka da Turai akwai ɗakunan da ake fesa wa mutum sinadarin daga kai har ƙafa, kuma da wuya a tsaya cikin feshi ba a shaƙi komai ba. Shi ya sa hukumar take shawartar masu shiga su toshe hanci, su rufe ido da baki.

Kwamitin kimiyya na Tarayyar Turai ya duba sinadarin a 2010, ya sake dubawa a 2020. Dokar Tarayyar ta 2021 ta ƙayyade shi da kashi 10 cikin 100 a mayukan jiki, da kashi 6.25 a wani rukunin rinin gashi.

Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna DHA mai yawa yana iya lahanta DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayoyin fata masu rai da aka rena a kwano. Sai dai kwano daban, jikin mutum daban, tunda a jiki mafi yawansa yana tsayawa a matacciyar fatar sama. An kuma ga cewa fatar da aka shafa wa shi takan fi saurin illatuwa da zafin rana a ranar farko. Wasu tsiraru kan yi ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Haɗarin da ya fi bayyana shi ne ruɗi. Mutum ya ga fatarsa ta yi duhu, sai ya zaci ta samu kariya, alhali kariyar DHA daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka likitocin fata sun fi yarda da shi a kan gadajen haskawa, wato na'urorin da ake kwanciya a ciki haskensu ya sa fata duhu, waɗanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa a 2009 cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa.

Likitoci kan kuma ba da shi ga masu cutar bitiligo, wadda ke sa fata dabbare-dabbaren fari, domin rufe tabon na 'yan kwanaki.