Cire salansa ba ya sa keke mai inji hawan dutse

An daɗe ana cewa in keke mai inji ya gaza a hawa, a cire salansa ko a ƙara masa mai a kafireto. Hayaniya kawai za a samu daga cire salansa, ƙaramin injin da ke shan mai gauraye da baƙin mai kuwa yakan ma rasa ƙarfi in aka cire.

Gyaran yana a tayar baya. Farantin sarƙa da ake sayar da injin da shi yawanci haƙora 44 gare shi. In aka sa faranti mai haƙora 56, ƙarfin juya taya zai ƙaru da kusan kashi 27 cikin 100. Gudu zai ragu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma wa ke tsere a kan dutse?

Ƙarin mai kuma ɓarna ne. A tudu irin na Mambila iska ba ta da kauri, don haka rage man ake yi.