Ƙofar ƙarfe mai ado: ƙira ce ko walda?

Ƙofofin nan masu naɗe-naɗe da ake gani a gidajen Kumasi, duk aikin maƙera ne?

A'a, yawancinsu walda ce. A Suame Magazine, unguwar masu aikin ƙarfe da gyaran mota, ko a bakin titi a Aboabo da Asawase, mai walda zai sayi rodi, ya yanka, ya lanƙwasa shi da sanyinsa, ya liƙe da wutar lantarki. Maƙeri kuwa cikin gawayi yake tura ƙarfen, yaronsa na ta zuga. In ya yi jajir sai ya cafko shi da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera, ya bi shi da masaba.

To yaya mutum zai gane tsohuwar ƙira?

Ka fara duba bakin naɗin. Maƙeri yana sirantar da ƙarfe kafin ya naɗe shi, shi ya sa naɗin ke tafiya yana ƙara siriri har ya ƙare kamar wutsiyar hawainiya. Na walda kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa a datse. Sannan ka duba mahaɗa: a da, da ƙusar da aka dandaƙe kanta ko da zoben ƙarfe ake ɗaure sanduna, babu tabon walda. Kuma da wuya ka sami naɗi biyu da suka zo daidai wa daida. Wasu masu gida aibi suke ɗaukar wannan. Ni dai a nan nake ganin hannun mai aiki.

Ƙarfen ma daban ne?

Daban ne. Na da kusan ba shi da kabon, kuma yana da zare-zare a jikinsa, ga laushin ƙira. Tun da Henry Bessemer, wani Baturen Ingila, ya fito da hanyar yin ƙarfe mai araha a 1856 kasuwar ƙarfen da ta fara ja da baya, har Ingila ta daina yinsa don sayarwa a shekarun 1970.

Zanen nan mai siffar zuciya da ake gani a ƙofofi fa?

Asantawa Sankofa suke ce masa, ɗaya daga alamominsu na gargajiya da ake kira Adinkra, kuma shi da wata alamar mai suna Gye Nyame sun fi yawa a ƙofofi da tagogi. Ana ganin irinsa a tsofaffin ƙofofin Charleston da New Orleans a Amurka. Wasu na danganta shi da maƙeran Afirka da aka kai can bauta, ko da yake maƙeran Turai ma kan haɗa naɗi biyu ya ba da wannan siffa.

In ƙofa ta yi tsatsa, a canja ta?

Kar a yi gaggawar kai wa masu gwangwan. A kankare tsatsar da burushin waya, a shafa jan fentin ƙasa, sannan mai sheƙi. Ƙasan ƙofa, inda ruwan damina ke kwanciya, shi ke fara ci. A Akra kuwa, musamman Jamestown, iskar teku mai gishiri ba ta barin fenti ya daɗe.