Waiwaye: wa ke tantance maƙalun tattalin arziki mai ɗorewa?

A yau ba a ganin mujallar ilimi da ƙima idan ba ta miƙa maƙala ga masana biyu ko uku su tantance kafin ta buga ba. Al'adar ba ta kai mujallun tsufa ba. Ƙungiyar Royal Society ta Landan ta fara fitar da mujallarta a 1665, kuma sakatarenta Henry Oldenburg ne ke da wuƙa da nama wajen zaɓen abin da zai shiga. Sai a 1832 ƙungiyar ta fara karɓar rubutaccen rahoto daga masu dubawa. Ko a 1936, da wata mujalla a Amurka ta aika wa Einstein sukar wani mai dubawa, fushi ya yi ya janye maƙalarsa, don bai ba da izinin a nuna wa kowa ita ba. Nature kanta, shahararriyar mujallar kimiyya, sai a 1973 ta wajabta tantancewar masana na waje.

Fannin tattalin arziki ya nuna raunin tsarin tun da wuri: masu tantancewa sun fi amincewa da abin da suka saba gani. Mujallu uku suka ƙi maƙalar George Akerlof kan kasuwar motocin hannu, biyu daga ciki suna ganin batun bai kai ya kawo ba. An buga ta a 1970, kuma ita ce ginshiƙin lambar Nobel da ya samu a 2001.

Masu cewa tattalin arziki ba zai yi ta girma ba iyaka a duniya mai iyaka ba, sun fi shan wannan wahala. Bayan rahoton Brundtland na 1987, wanda wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar, ya yaɗa batun ci gaba mai ɗorewa, Robert Costanza da Herman Daly da abokan aikinsu suka kafa mujallar Ecological Economics a 1989, suka samu zauren da za a saurare su. Manyan mujallun kuwa sun daɗe ba su waiwayo ba. A 2019 Andrew Oswald da Nicholas Stern suka ƙirga, suka tarar Quarterly Journal of Economics ba ta taɓa buga maƙala ko ɗaya kan sauyin yanayi ba.

Sai dai samun zaure bai warware tambayar wa ya cancanci dubawa ba. Maƙala ɗaya a wannan fanni tana iya haɗa lissafin kuɗi da ilimin dazuzzuka da hasashen ruwan sama, kuma da wuya edita ya samu mutum ɗaya da ya ƙware a duka. A 1997 Costanza da tawagarsa suka ƙiyasta a Nature cewa hidimar da muhalli ke yi wa ɗan Adam ta kai kusan dala tiriliyan 33 a shekara. Maƙalar ta tsallake tantancewa, ta yi suna, sannan masana tattalin arziki da dama suka ce hanyar lissafin ba ta da tushe. Kowane ɓangare da ma'auninsa.

Daga nan sauri ya shigo. Mujallar Sustainability, wadda ta fara a 2009, tana karɓar kuɗi daga marubuta, tana yanke hukunci cikin makonni, har ta kai ga buga dubban maƙalu a shekara. Daga bisani hukumomin Norway da Finland suka sauke ta zuwa matakin da ba a ba malamai maki a kansa. Mai tantancewa dai galibi kyauta yake aikin, a kan nauyin koyarwarsa, don haka ba mamaki idan ya yi karatun sama-sama.

A ganina babban giɓin yana wajen alƙaluma, domin kaɗan ne ke sake lissafi da kansu. A 2024 Nature ta buga binciken masanan Potsdam a Jamus da ya ce sauyin yanayi zai rage kuɗin shigar duniya da kashi 19 cikin ɗari kafin tsakiyar ƙarni. Bankuna da gwamnatoci suka ɗauka. Wasu masana na waje ne suka zauna da alƙaluman bayan an buga, suka gano kurakurai a bayanan Uzbekistan waɗanda suka kumbura sakamakon, kuma a ƙarshen 2025 aka janye maƙalar.