Waiwaye: Janar Karbyshev da makomar fursunonin yaƙin Sobiyat

A ranar 16 ga Agustan 1941, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban Tarayyar Sobiyat Stalin ya sa hannu a kan umarni mai lamba 270, wanda ya ce duk hafsan da ya miƙa wuya ga Jamusawa a ɗauke shi tamkar wanda ya tsere daga fagen daga, iyalansa kuma a kama su. Mako guda kafin nan ne Laftanar Janar Dmitry Karbyshev ya faɗa hannun abokan gaba a Belarus, bayan ya ji rauni.

Ba ƙaramin kamu Jamusawa suka yi ba. An haifi Karbyshev a birnin Omsk na Rasha a 1880, ya yi yaƙin Rasha da Japan, ya yi aikin ƙarfafa ganuwar sansanin soja na garin Brest, kuma malami ne da ya koyar da hafsoshi dabarun gina shingayen tsaro. Abin da ke cikin kansa suke so. Suka lallaɓa, suka yi barazana, dattijon ya ƙi ba da kai. Daga nan aka yi ta yawo da shi a sansanonin gwale-gwale na Jamusawa: Flossenbürg, Majdanek, Auschwitz, Sachsenhausen, har Mauthausen a ƙasar Ostiriya.

Can ne, a daren 18 ga Fabrairun 1945, aka tuɓe shi tare da ɗaruruwan fursunoni, aka tsayar da su a fili cikin tsananin sanyi ana kwara musu ruwa har rai ya yi halinsa. Shekararsa 64. Saura ƙasa da wata uku a gama yaƙi a Turai.

Da ba don shaidar waɗanda suka tsira ba, ciki har da wani hafsan Kanada, da wataƙila sunansa ya bi sahun waɗanda ake zargi da cin amana. An ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyat a ranar 16 ga Agustan 1946, shekara biyar cif da fitar wancan umarni.

Sauran fa? Daga cikin sojojin Sobiyat kusan miliyan 5.7 da Jamus ta kama, fiye da miliyan uku sun mutu a tsare. Waɗanda suka dawo gida sai da aka tace su a sansanonin bincike, wasu suka zarce gidan yari. An fara sassautawa a 1956, amma cikakken wanke sunansu bai zo ba sai 1995, zamanin shugaban Rasha Boris Yeltsin.

A Mauthausen yau akwai mutum-mutuminsa na farin dutse, an sassaƙa shi hannuwa harɗe a ƙirji, kamar yana fitowa daga cikin ƙanƙara.