Waiwaye: Josip Račić da yadda zanen Kuroshiya ya canja hanya

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin zane-zanen Kuroshiya zai tarar an ja layi a wajen shekarar 1908, ana cewa daga nan ne zanen zamani ya fara a ƙasar. Sunan da ake ɗora wa wannan layi shi ne Josip Račić, wani saurayi da ya mutu a wannan shekarar yana da shekara 23 kacal, bai taɓa koyar da ɗalibi ko ɗaya ba, bai kafa makaranta ba, kuma ko a garinsu Zagreb, babban birnin ƙasar, ba kowa ya san da zamansa ba. To ta yaya mutumin da bai fi shekara uku zuwa huɗu yana aikin kirki ba ya zama mafarin wani zamani? Amsar tana cikin halin da ya tarar da sana'ar, da kuma abin da waɗanda suka biyo bayansa suka yi da sunansa.

A lokacin da aka haife shi, ranar 22 ga Maris 1885 a Horvati, wani ƙauye da ke gefen Zagreb wanda yanzu birnin ya haɗiye, Kuroshiya ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba. Tana ƙarƙashin daular Austriya da Hangari, kuma yarjejeniyar 1868 ta ɗaure ta ga ɓangaren Hangari, duk da an bar mata ɗan iko a kan ilimi, shari'a da harkokin cikin gida. Daga 1883 zuwa 1903 gwamnan ƙasar shi ne Khuen-Héderváry, wanda 'yan kishin ƙasa ke kallo a matsayin ɗan koren Budapest, babban birnin Hangari. Mutanen da ke cikin irin wannan matsi sukan nemi mawaƙi da marubuci da mai zane su riƙa tuna musu ko su waye. Haka aka yi. Zanen da ake girmamawa shi ne wanda ke ba da labarin kakanni: naɗin sarauta, fagen fama, jarumai a kan dawaki. Oton Iveković ya yi suna a wannan fanni, ya zana isowar Kuroshiyawa ƙasarsu da naɗin Sarki Tomislav. Abin ban sha'awa, shi ne ya koya wa Račić zane tun yana ɗan makaranta.

Ba wai babu wanda ya girgiza teburin kafin Račić ba. Vlaho Bukovac, ɗan garin Cavtat da ke bakin teku, ya yi karatu a Paris a hannun Alexandre Cabanel, ya yi suna a can, sannan ya zo Zagreb a 1893 da launuka masu haske irin waɗanda ba a saba gani ba. Matasa suka kewaye shi. A watan Disambar 1898 suka buɗe baje kolin da ake kira Hrvatski salon a sabon zauren zane-zane na birnin, wanda ƙarafan gininsa tun asali an ƙera su ne don baje kolin bikin cikar Hangari shekara dubu da aka yi a Budapest a 1896, daga baya aka kwance aka kawo Zagreb. Wannan baje koli ya raba tsofaffi da matasa, rigima ta yi zafi, Bukovac ya tattara ya bar garin, daga ƙarshe ya zama malami a makarantar zane ta Prague a 1903. Saboda haka akwai masu cewa shi ne ya kamata a ba kambun majagaba. Hujjarsu ba ta banza ba ce, zan dawo kanta.

Račić bai shigo zane ta babbar ƙofa ba. Tsakanin 1900 da 1903 almajiri ne a wata maɗaba'a a Zagreb, inda ya koyi buga hoto da dutse. Yadda aikin yake shi ne a sami faffaɗan dutsen farar ƙasa a goge shi ya yi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, a jiƙa shi da ruwa, sannan a bi shi da tawada. Tawadar tana kama inda maiƙo yake, tana guje wa inda ruwa ya kwanta, sai a danna takarda a kai hoto ya fito. Mai wannan sana'a, in da baƙar tawada kaɗai yake aiki, ba shi da launuka barkatai da zai ɓuya a bayansu. Abin da ke hannunsa baƙi ne da fari da duk matakan toka-toka da ke tsakaninsu, kuma in hannunsa ya yi nauyi kaɗan, fuskar da yake so ta fito da taushi sai ta zama tabo. A ganina nan ne tushen abin da daga baya aka yi ta yabonsa a kai.

A 1904 ya bar gida, ya ratsa ta Vienna ya sauka Munich a Jamus. A wancan zamani Munich ce matattarar matasan masu zane daga tsakiya da gabashin Turai, musamman ga wanda garinsu ba shi da babbar makarantar zane, kuma Zagreb ba ta sami tata ba sai 1907. Ya shiga makarantar Anton Ažbe, wani malami ɗan Sulobeniya wanda shahararrun masu zane 'yan Rasha, Kandinsky da Jawlensky, ma suka zauna a gabansa. Ažbe yana koya wa ɗalibansa su kalli kan mutum kamar dunƙulen ƙwallo, su lura da inda haske ya faɗa da yadda yake dusashewa har ya shige inuwa. Daga nan Račić ya koma sana'arsa ta dutse a wani kamfani a garin Deggendorf, sannan a 1905 ya sami shiga babbar makarantar zane ta Munich, inda ya yi karatu har 1908, ciki har da ajin Hugo von Habermann.

A nan ya haɗu da 'yan ƙasarsu uku, dukkansu sa'o'insa: Vladimir Becić, Oskar Herman da Miroslav Kraljević, wanda ya watsar da karatun lauya a Vienna ya zo koyon zane. Aikinsu ya fita daban har aka riƙa ce musu "makarantar Kuroshiyawa" a cikin makarantar, yau kuma an fi saninsu da rukunin Munich. Ba su rubuta wata takardar manufa ba, ba su kafa ƙungiya mai shugaba da sakatare ba. Abin da ya haɗa su shi ne waɗanda suke kallo: Wilhelm Leibl na Jamus, Édouard Manet na Faransa, da tsofaffin gwanaye irin su Velázquez, Goya da Frans Hals. Daga wurinsu suka ɗauko cewa ba sai hoto ya ba da labarin wani babban al'amari zai yi daraja ba. Ana iya zaunar da mace sanye da baƙaƙen kaya a gaban bango mai duhu, kuma duk aikin ya kasance yadda wannan baƙin zai bambanta da wancan baƙin.

Wannan shi ne ainihin sauyin, kuma ya fi yadda ake zato nauyi. Mai zanen da ke zana naɗin sarki yana da abin da zai jingina da shi, domin ko fentinsa ya yi rauni, mai kallo zai cika giɓin da son ƙasarsa. Wanda ya zana ƙanwarsa ko wata yarinya riƙe da kwando ba shi da wannan gata. A duba hoton "Uwa da Ɗa" na 1908, wanda aka fi sanin Račić da shi. Turai ta shafe ɗaruruwan shekaru tana zana uwa da jariri cikin ado da alamun tsarki, amma shi ya kawo mace talaka da ɗanta cikin launuka masu duhu, babu ƙawa, babu murmushin da aka shirya don mai kallo. Fuskokin ne kawai ke fitowa daga duhun, kuma bai ɓoye sawun burushinsa ba. Haka yake a hoton 'yar'uwarsa Pepica da na matar nan mai baƙaƙen kaya, duka na 1907, da hotunan da ya yi wa kansa, inda yake kallon mutum kai tsaye ba tare da neman a so shi ba.

A 1908 ya tafi Paris. Ya riƙa shiga gidan adana zane-zane na Louvre yana kwaikwayon ayyukan magabata, yana kuma zana gadoji da tituna da wuraren shan gahawa, wasu da fentin ruwa. Hotonsa na gadar Pont des Arts a kan kogin Seine ya nuna hannunsa ya fara sakewa, haske ya fara shigowa. Watanni kaɗan ya yi. A watan Yuni aka same shi a ɗakinsa na otal da raunin harsashi, kuma abin da aka tsaya a kai shi ne shi ya kashe kansa.

Irin wannan mutuwa tana da haɗari ga tarihi, domin takan sa a daina kallon aiki a koma kallon ƙaddara. An yi ta karanta baƙin cikinsa a cikin kowane duhu da ya shafa, alhali duhun nan salo ne da ya koya a Munich, kuma Becić da ya rayu har ya tsufa ya yi irinsa a shekarun nan.

Sauran ukun kowa da inda rabonsa ya kai shi. Kraljević ya isa Paris a 1911, ya yi aiki kamar wanda ake kora, tarin fuka ya kashe shi a Zagreb a watan Afrilun 1913 yana da shekara 27. Becić ya yi aikin zane a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya tare da sojojin Sabiya, sannan ya koyar a makarantar zane ta Zagreb daga 1924 zuwa 1947, ya rasu a 1954. Herman, wanda Bayahude ne, ya zauna a Munich har zuwa 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ya dawo gida, aka tsare shi a wani sansani a Italiya lokacin yaƙi na biyu, ya tsira, ya rayu har 1974.

A shekarun da suka biyo bayan mutuwar Račić, ba hanyarsa ce ke tashe ba. Ƙungiyar Medulić, wadda masassaƙi Ivan Meštrović ke kan gaba a cikinta, ita ce ke jan hankali da ayyukan da suka ɗauko jarumai daga waƙoƙin gargajiyar Sulabawan Kudu, wato Kuroshiyawa da Sabiyawa da danginsu, domin siyasar haɗin kansu ce ke ci a lokacin. Sai da aka fara baje kolin bazara na Zagreb a 1916, wanda ya ci gaba har 1928, sabon zubin masu zane ya waiwaya yana neman wanda zai kira uba a sana'a. Ba su son zanen wa'azin siyasa, ba su kuma son ƙyale-ƙyalen da ya gabata, sai suka tarar da Račić da Kraljević. Irin su Milivoj Uzelac da Vilko Gecan sun ɗora daga inda Kraljević ya tsaya, shi kuma Ljubo Babić, mai zane kuma marubucin tarihin fasaha, yana cikin waɗanda suka tabbatar wa rukunin Munich wannan matsayi a rubuce. Wato kujerar majagaba ba Račić ne ya hau ta da kansa ba, na baya ne suka ɗora shi, don suna bukatar wanda za su nuna su ce daga nan muka fito.

Wannan ya dawo da mu kan Bukovac. Shi ne ya buɗe taga, ya haɗa kan masu zane, ya sa aka sami zauren baje koli, kuma ba don shi ba da wuya Zagreb ta zama garin da za a yi gardamar zane a cikinsa. Amma fentinsa, duk da haskensa, bai rabu da ɗabi'ar faranta ran mai saye da ƙa'idojin makarantar Cabanel ba. Račić ya kawo wani abu dabam, wato mai zane ya tsaya a gaban abin da yake gani ya warware matsalar haske da nauyi ba tare da ya nemi tarihi ko addini ko kyan fuska su taimake shi ba. In ana maganar wanda ya gina fagen, Bukovac ne. In kuma ana maganar wanda masu zanen shekarun 1920 suka ɗauki darasi daga hannunsa, to rukunin Munich ne, kuma a cikinsu Račić ne ya fara isa wurin.

Mafi yawan muhimman ayyukansa suna gidan zane-zanen zamani na Zagreb, wanda aka kafa a 1905 kuma yanzu ake kira gidan adana fasahar zamani na ƙasa. A nan aka yi babban baje kolin ayyukansa a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, cikar shekara 100 da rasuwarsa. Gidan yana kuma da wani ƙaramin zaure a titin Margaretska, kusa da babban dandalin birnin, mai ɗauke da sunan Josip Račić, kuma ayyukan masu zanen da ke raye ake nunawa a cikinsa.